Maƙwaƙƙwafi, Na Gida da Baƙo



Masana sun ƙidaya maƙwaƙƙwafi iri fiye da 200, suka tara su cikin dangi guda mai suna Picidae. In ban da Ostireliya da Madagaska da wasu tsibirai, da wuya a sami ƙasa mai itatuwa wadda babu su. Galibinsu ba sa ƙaura. Namu mai ruwan toka yana nan rani da damina. Amma akwai baƙo, Jynx torquilla, wanda kan baro Turai idan sanyi ya matso, ya ƙetare Sahara ya zo mana cin rani. Shi kam ba ya fafe itace, tururuwa yake ci, in an tsorata shi sai ya riƙa murɗa wuya kamar maciji.

To, namu na gida a busasshen itace yake fafe mazauninsa, itacen da mu kuma muke sarewa don girki. Ku da za ku riƙe ofisoshin gandun daji gobe, ga labarin babban maƙwaƙƙwafin Amurka mai farin baki: an sare dajinsa a Luwiziyana, kuma rabon da a yi masa gani na tabbas tun 1944.