Shin Ƙarar Fankar Iska Mai Ba Da Lantarki Tana Cutar Da Maƙwabta?

Takardar yau ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Katsina. Ya ce a kan hanyarsa ta zuwa kasuwa yakan ga dogayen fankokin nan na Lambar Rimi, ya kuma ji ana cewa ƙararsu tana kurmantar da mutum. Yana tambaya, in aka zo kafa irinsu kusa da garinsu, su yarda ko su ƙi?

To Malam, mun gode. Fankokin da kake gani guda 37 ne, an kafa su don su ba da megawat 10 na wuta. Ƙanana ne in an gwada su da na Turai, inda ake samun wadda tsawonta ya wuce mita 150. Ƙarar tana fitowa ne daga fikafikan sa'ad da suke yanka iska, sai ka ji fuu, fuu, kamar ana sheƙe hatsi ba hutawa.

Batun kurmancewa dai, kwantar da hankalinka. Ana auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. Abin da ke lalata kunne shi ne daɗewa cikin ƙarar da ta kai 85 ko fiye, irin ta ɗakin injin niƙa. Wanda gidansa ke nesa da fankar da kamar rabin kilomita, abin da ke iso masa bai cika wuce 45 ba.

Amma fa kada a ce ba komai. A shekarar 2014 hukumar lafiya ta ƙasar Kanada ta fitar da binciken da ta yi a gidaje 1,238 na maƙwabtan irin waɗannan fankoki. Ba ta sami shaidar cewa ƙarar na jawo ciwo irin su hawan jini ba, sai dai ta ga cewa gwargwadon ƙarfin ƙarar, gwargwadon yawan masu cewa ta dame su ƙwarai. Abin ya fi tsanani da dare. Iskar ƙasa takan kwanta, gari ya yi tsit, alhali can sama iska tana kaɗawa, fanka tana ta juyi. Duk wanda ya taɓa kwana da sauro ɗaya a ɗaki ya san ƙara ba sai ta yi ƙarfi take hana sukuni ba. A 2018 reshen Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar kada ƙarar ta kai desibel 45. A 2021 kuma wata kotu a Faransa ta sa a biya wasu miji da mata diyyar sama da yuro 100,000, bayan sun bar gidansu saboda fankokin da aka kafa musu kusa.

Maganin abin shi ne tazara. Duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarar fanka ɗaya takan ragu da kamar desibel 6. Shi ya sa a Faransa doka ta hana kafa babbar fanka ƙasa da mita 500 daga gidajen mutane, a Denmak kuwa sai an bar nisan da ya kai tsawon fankar sau huɗu.

Don haka Malam, ba ma ce muku ku ƙi ba. Wuta alheri ce, kuma ana noma da kiwo a tsakanin fankokin nan. Amma rigakafi ya fi magani. Kafin dagaci ko mai unguwa ya sa hannu, ku tambayi tsawon fankar, ku auna nisanta daga gida na ƙarshe a gari, ku kuma lura da inda gari yake faɗaɗa, don 'ya'yanku ma za su yi gini. Ku nemi a rubuta wurin da za ku kai kuka in ƙara ta hana ku barci. In an riga an zuba kankare, ba mai ɗage ta saboda ku.