Kafin a Haƙa Harsashin Gini a Rikoto

A Rikoto ta Zuru, mai sayen tsohon garejin makanikai ko gidan mai don gina shaguna takardun fili yake bi, ƙasar kuwa ko oho. Alhali baƙin mai da ruwan batir sun daɗe suna nutsewa cikinta, tankin da aka binne kuma yakan yi tsatsa ya tsiyaye har rijiyar maƙwabta. A Zamfara, gubar dalmar duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a 2010, sai da aka kankare ƙasar gidaje a Dareta da Bagega. Dalmar nan ce dai a cikin batir. A ɗebi ƙasa da ruwan wurin a kai ɗakin gwaji tun ba a sauke siminti ba.