Kango a tsakiyar unguwa: haƙƙin wa ke cikinsa?

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kawo mu wannan dare na goma sha huɗu ga watan Ramadan, shekara ta 1446. Ƴan'uwa masu saurarenmu a cikin garin Dogon Dutsi, da Matankari, da Dankasari, har Tibiri da Gesheme da Dumega da Kore Mai Ruwa, Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.

Wata baiwar Allah ta aiko mana da tambaya, kuma ita ce za ta ci mana lokacin yau. Ta ce mijinta ya rasu shekara bakwai ke nan. Ya bar ta da ɗiya biyar, maza biyu, mata uku, ya kuma bar gidan da ya gina da guminsa. Iyayensa sun riga shi rasuwa. Da ta fita takaba, sai ƙannensa suka rufe gidan, suka ce ba za a taɓa kome ba sai babban wansu ya dawo daga Abijan. Ta koma gidan iyayenta da yaran, suna cunkushe a ɗaki guda. A daminar bara ɗakuna biyu na gidan suka faɗi, yanzu unguwa ta mayar da shi juji. Tana tambaya: in ta kai maganar gaban mai unguwa, ta yanke zumunci?

Baiwar Allah, ba ki yanke zumunci ba. Neman haƙƙin maraya ba yankan zumunci ba ne. Kuma bari mu faɗa wa masu riƙe da mabuɗin abin da wataƙila ba a taɓa faɗa musu ba: in mamaci ya bar ɗa namiji, ƴan'uwansa ba su da ko taku ɗaya a cikin gadonsa, ɗa ya katange su. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya in akwai ta, matuƙar ba ta wuce sulusi ba, gidan nan kashi takwas ne. Matar tana da kashi ɗaya, wato sumuni. Kowane namiji kashi biyu, kowace mace kashi ɗaya. Da a ce ranar rasuwar gidan ya kai miliyan 4 na sefa, to kowane kashi jika 500 ne. Yau da ɗakuna biyu suka kwanta, wa zai saye shi haka? Abin da ya ragu, daga dukiyar marayu ya ragu. Suratun Nisa'i, wadda a cikinta aka shimfiɗa rabon gado a aya ta 11 da ta 12, kafin ta fara lissafi sai da ta yi kashedi mai tsanani a aya ta 10 ga masu cin dukiyar marayu da zalunci. Mai riƙe da mabuɗi zai ce shi bai ci kome ba. Gaskiya ne, bai sa a baki ba. Amma ya hana masu ita, ya bar wa ruwa da gara suna ci, kuma ba mu ga ta inda zai kuɓuta daga tambaya ba.

Wannan gida ba shi kaɗai ba ne. Wanda ya bi lungunan tsofaffin unguwanni na Dutsi ko na Matankari da ƙafa zai ga irinsa: ƙofar zaure da kwaɗo mai tsatsa, katanga ta dare, tumfafiya ta tsiro a tsakar gida. In ya fita bakin gari, inda aka yanka sababbin filaye, zai ga wani iri kuma: ginin siminti da ya kai linta ya tsaya, ba rufi, ba ƙofa, shekara da shekaru. Mai shi yana Yamai, ko Kwatano, ko Legas, ko ya haura Aljeriya bida. Ba laifi ba ne mutum ya fita neman halali, ƙasar Arewa ta daɗe tana ci daga hannun ɗiyanta da ke waje. Ba laifi ba ne kuma gini ya tsaya don kuɗi sun yanke. Abin da muke magana a kai shi ne mutum ya juya baya, ya ɗauka cewa gidan da ba kowa ciki ba ya cutar kowa.

Dattawanmu sun san kufai. A 1899 rundunar Faransa ta Vule da Shanuwan ta ratsa wannan ƙasa tana ƙona garuruwa, ta faɗa wa Lugu, ta wuce ta karkashe mutanen Birnin Konni. Waɗancan an kore su ne da bindiga. Kangayen da ke cikin unguwanninmu yau ba wanda ya kori masu su. Mafi yawansu, in ka bi diddigi, gado ne da ba a raba ba.

Kuma gado ba ya jira. In uba ya rasu ya bar magada shida, zama guda ya isa a gama. In aka bar shi shekara ashirin, sai ka tarar ɗaya daga cikin maza ya rasu ya bar mata biyu da ƴaƴa tara, ɗaya daga cikin mata ta rasu gidan aure a Kangiwa ko Birnin Kabi, mijinta da ɗiyanta sun shigo lissafi. Wannan shi malaman fara'ila suke kira munasaha, gado cikin gado. Magada shida sun zama talatin, wasu ba su ma san juna ba. Kowa yana da haƙƙi, ba wanda ke jin nauyin gyara, domin wanda ya sa kuɗinsa ana cewa yana son ya mallake ne. Haka gida yake mutuwa a hannun mutum talatin.

Mu da muke zaune cikin ginin ƙasa mun san yadda yake rayuwa. Ginin ƙasa yana son ido. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka ana yi masa yaɓe, a share indararo, a toshe tsaga, a tara ƙasa a gindin katanga don kada ruwa ya kwanta. In ba mutum ciki, leda da ganye su toshe indararo, ruwa ya taru bisa soro, ya jiƙa azara, gara ta ƙarasa. Ta ƙasa kuma ruwan da ke gangarowa daga dutse yana bin koramu ta cikin gari zuwa Tapkin Sau, yana cin gindin bango a hankali. Bango ba ya faɗuwa ranar da ya fara rauni, kuma ba ya zaɓar gefen da zai faɗa.

Mun ga daminar 2024. A faɗin Nijar mutum sama da 300 suka rasu, da yawansu gini ne ya rufta musu, mutum fiye da miliyan ɗaya abin ya shafa, har gwamnati ta ɗage komawa lakkwal zuwa 28 ga Oktoba. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe. Shekara guda kafin nan, ran 11 ga Agusta 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta wa masallata suna sallar la'asar, rayuka suka salwanta, kuma Sarkin Zazzau da bakinsa ya ce an ga tsagar kwana ɗaya kafin nan, ana shirin gyara. To, in ginin da ake shiga sau biyar a yini ya yi haka, ina ga wanda shekara bakwai ba a leƙa ba, alhali yaran maƙwabci suna barci a jikin bangonsa?

Ba faɗuwa kaɗai ba ce cutar. Tsohuwar rijiya da ramin masai suna nan buɗe a cikin ciyawa, yara kuwa ba abin da suke so kamar wasa a kango. Gwangwanaye da fasassun tukwane suna tara ruwa, sauro ya hayayyafa, masassara ta shiga gidajen da ke kewaye. Maciji da kunama sun sami masauki. Da dare kuma samari masu shan tiramol da wiwi sun sami inda ido ba ya kai, kuma iyayen ƴan mata sun san abin da muke nufi ba sai mun ƙara ba, muna cikin wata mai alfarma. Ya tabbata a hadisi cewa Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a sa shi cikin magada. Kana Yamai cikin fanka, maƙwabcinka na Dutsi yana nan maƙwabcinka, tunda bangonka ne ke jingine da nasa.

Shari'a ba ta bar wannan ga ganin dama ba. A mazhabar Imamu Malik da muke karantawa a zaurukanmu, Muhtasar na Shehu Halil ya kawo hukuncin bangon da ya karkata: in an yi wa mai shi gargaɗi, kuma ya sami lokacin da zai iya gyarawa bai gyara ba, sai bangon ya faɗi ya halaka rai ko dukiya, lamuni yana kansa. Wasu daga cikin malaman mazhabar ma sun ce in haɗarin ya fito fili kowa na gani, ba a jiran gargaɗi. Littafin ya kuma kawo hukuncin abokan tarayya a cikin abin da ba ya rabuwa: wanda ya ƙi gyara, alƙali zai tilasta masa ko ya gyara ko ya sayar. Saboda haka maƙwabci, kada ka tsaya gunaguni a majalisa. Ɗauki shaidu biyu, ka je wurin mai unguwa, a kira mai gidan ko wakilinsa a waya a gabansu, a faɗa masa bangonsa ya karkata, a rubuta ranar.

Duk Juma'a muna karanta Suratul Kahfi, muna wuce wani bango ba mu tsaya ba. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da bawan Allah Halliru sun isa wata alƙarya, suka nemi abinci aka hana su. A nan suka tarar da bango yana gab da faɗuwa, Halliru ya tayar da shi bai karɓi lada ba, har Annabi Musa ya yi magana. Daga baya ya bayyana masa cewa bangon na yara biyu ne marayu, a ƙarƙashinsa akwai dukiyarsu, ubansu kuma mutumin kirki ne, Allah ya so su girma su ciro abinsu. Ku duba: baƙo ne, ba dangin yaran ba, a garin da aka hana shi ko loma, shi ya naɗe hannun riga. Mu kuma baffannin marayu ne, muna wucewa ta gaban bangon zuwa tarawihi.

Mun san uzurorin, domin ana kawo mana su. Wani ya ce gidan ubanmu ne, abin kunya ne a ji mun sayar. Girmama uba abu ne mai kyau, amma wane girma ya rage wa ɗakin da ya yi sallar dare a ciki in awaki ke kwana cikinsa? In kuna son gidan ya zauna a dangi, a yi masa ƙima, wanda ke da hali cikinku ya biya sauran rabonsu, kuma shari'a ta ba abokin tarayya haƙƙin shufu'a, ya riga bare. Wani ya ce ba a raba wa mata gida, tunda suna gidan aure. Wannan al'ada ce, kuma al'adar da ta ci karo da ayar gado ba ta da wurin tsayawa. Wani kuma ya ce yana tsoron in ya sa mutum a ciki, gobe ya ce nasa ne. Wannan tsoro yana da tushe, domin Risala ta Ibnu Abi Zaid ta ambaci wanda ya riƙe gida shekara goma ana jingina masa shi, mai shi yana nan, ya sani, bai ce kome ba, to da'awarsa ta faɗi. Amma maganin wannan takarda ce da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubuta cewa aro ne ko haya, mai unguwa ya sa hannu. Malaman lakkwal da ma'aikatan likita da ake turowa garuruwan nan suna neman wurin zama. Akwai waɗanda ruwan bara ya rushe wa ɗakuna, har yau suna cikin bukkar zana. Wanda ya ba irin waɗannan ɗaki su zauna, su riƙa yi masa yaɓe, ya sami lada, ya kuma sami mai gadi.

Wanda ya sayi fili ko gini yana jiran ya yi tsada ya sayar, ya sani a mazhabarmu in ya sayar zai fitar da zakkar shekara guda daga kuɗin. Wannan mas'ala ce ta wani dare, mun ambata ne don kada a manta.

Yanzu muna tsakiyar Maris, tsakaninmu da ruwan fari bai wuce wata uku ba. Nan da mako biyu Sallah ce, ƴan bida za su dawo, dangi za su haɗu a tsakar gida ɗaya, wanda bai zo ba ana samunsa ta WhatsApp. Kashegarin Sallah, kafin kowa ya kama hanya, a zauna. A kira malamin da ya san fara'ila, a lissafa magada, mata da maza, na kusa da na nesa. In an daidaita, a kai wa mai gari ko sarki a rubuta sulhun. In an kasa, kotu tana nan a Dutsi, zuwa can ba abin kunya ba ne. Kafin a gama wannan kuwa, akwai abin da ba ya jiran rabo: a rufe bakin rijiya, a cike ramin masai, a sassabe ciyawa, bangon da ya karkata wajen maƙwabci ko wajen hanya a sauke shi da hannu tun yana tsaye.

Ke kuma baiwar Allah da kika aiko da tambaya, ki sami wani dattijo daga danginki da limamin unguwarku, su fara zuwa wurin ƙannen mijinki da lalama, wataƙila jahilcin hukuncin ne ya sa su, ba mugunta ba. In sun ba da mabuɗi, ki gode musu a gaban yaran. In sun ƙi, ki wuce wurin mai unguwa da shaidunki, kada ki bari damina ta takwas ta sami gidan a rufe.

Gobe in Allah ya kai mu za mu ɗauki tambayoyin da suka taru a kan zakkar kono.