Tukunyar Makaranta: Jawabin Taron Kotobabi

Iyayenmu maza da mata, sarakunan Zango, malamanmu, samari da 'yan mata, mun gode da fitowarku. Wannan magana taku ce ku mutanen Kotobabi da Nima da Maamobi, kuma ta 'yan uwanmu na Bawku da Paga da Aflao ce, domin tukunyarmu ɗaya.

Maganar abincin yara a makaranta zan yi. An fara wannan shiri a Ghana a 2005. Shiri ne mai kyau, ba mu ƙi shi ba. A gidaje da yawa, yaro zai sha koko da safe ya tafi, kuma abincin makaranta ne kaɗai yake da tabbas a kansa har dare.

To ku yi lissafi tare da ni. A 2022, abin da ke isa hannun mai dafa abinci a kan kowane yaro a rana pesuwa 97 ne. A Disambar shekarar, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. Masu dafawa suka nemi sidi 3, suka ajiye ludayi a 2022, suka sake ajiyewa a 2023. Aka ƙara zuwa sidi 1.20, daga baya sidi 1.50 a 2024. Iyayena mata, ku ne ke zuwa kasuwar Nima da ta Malam Atta. A lokacin, sidi ɗaya da rabi zai sayi ƙwai guda? Balle shinkafa da wake da mai da kifi da gawayi?

Ɗan wannan ma ba ya zuwa a kan lokaci. Mai dafawa sai ta ɗauki gari da wake bashi, ta jira watanni. Mai kaya ta fara yi mata sallama kullum a ƙofar gida. Daga nan sai ta rage kifi, ta ƙara wa miya ruwa. Ba muguwa ba ce, an ɗaure mata hannu ne. Wa ke shan wahalar? Ɗanka da 'yarki. Yaron da cikinsa ke kuka ba ya jin karatu.

Ku na kan iyaka kun fi kowa sanin hanyar abinci. Tumatir na shigowa daga Burkina ta Paga, albasa na zuwa daga Nijar. Duk lokacin da sidi ta faɗi, ko mota ta kwana a hanya, tukunyar talaka ce ke fara ji.

Abu uku muke nema. Kuɗin kowane yaro ya riƙa bin farashin kasuwa. A biya masu dafawa kowane zangon karatu ba tare da jinkiri ba. A sayi masara da wake da shinkafa daga manomanmu na arewa, kuɗin ya zauna a gida.

Duk ɗan takarar da ya zo muku, har da namu, ku tambaye shi: nawa za ka sa a kwanon ɗana, kuma yaushe za ka biya? Buhun shinkafar lokacin zaɓe mako biyu yake yi, yaro kuwa kullum sai ya ci.

Ranar 7 ga Disamba, ku fito da katinku tun da sassafe, ku zaɓi canji. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya.