Daga Ƙofar Bebeji Zuwa Majalisar Ikko



Mu ɗaliban ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa muna so mu yi waiwaye, domin Hausawa sun ce shi ne adon tafiya. Abin da za mu nuna shi ne, sau da yawa a teburin wasu ake yanke al'amarinmu, sai dai mu ji a salansa.

A ƙarshen Janairu 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojan Gwamna Lugga. Da ya iso Bebeji aka rufe masa ƙofa. Nan take ya sa aka harba igwa, ƙofar ta tarwatse, Sarkin Bebeji ya rasu tare da wasu jama'arsa. Ran 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi, Sarki Alu kuwa ya tafi Sakkwato.

To, me ya kawo wannan gaggawa? Tun a 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Paris suka raba ƙasar Hausa a takarda, har suka zana wa Sakkwato da'ira mai nisan mil 100 daga birnin. Amma takarda ba ta riƙe ƙasa sai da soja. Ga Faransawa sun riga sun kama Damagaram, suna kukan cewa rabonsu ba shi da hanya mai ruwa. Saboda haka Lugga ya ga lalle ya riga su tsayawa da ƙafarsa. A 1904 da 1906 aka sake gyara iyakar don a faranta wa Faransa, Maraɗi ta koma can, Katsina ta tsaya nan. Ba a shawarci ko mutum ɗaya daga cikin masu ƙasar ba. Bayan haka kuzar Riruwai, wadda kakanninmu suka daɗe suna narkarwa, ta koma hannun kamfanonin Turawa.

Ranar sallama ma ba su sake mu gaba ɗaya ba. An ba Nijeriya mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960, amma da yarjejeniyar tsaro a ɗaure, wadda ta ba jiragen yaƙin Ingila damar ratsa sararinmu da sauka a filayenmu, su kuma su horar da sojanmu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A Nuwamban wannan shekara ɗaliban jami'ar Badun suka ɗunguma zuwa Ikko, suka auka harabar majalisa suna zanga-zanga. Ƙorafi bai lafa ba sai da gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta soke yarjejeniyar a Janairu 1962.

Ku duba bambancin nan. Mutanen Bebeji sun tsaya da mashi da kibiya, ba su san abin da aka rubuta a Paris ba. Ɗaliban 1960 kuwa sun san abin da aka ƙulla, shi ya sa suka iya kwance shi. Maƙwabtanmu na Nijar sai a 2023 suka sallami sojan Faransa, na Amurka kuma a 2024.

Don haka, 'yan'uwa, duk yarjejeniyar da aka sa wa hannu da sunanmu, ta bashi ce ko ta tsaro ko ta haƙar ma'adinai, wajibinmu ne mu nemo ta, mu karanta, mu fassara wa iyayenmu da Hausa. Wannan shi ne gadin ƙofa da ya rage a wuyanmu.

Allah ya taimake mu. Wassalam.