Shawarar Jarirai da Shayarwa: Jawabi ga Iyalai da 'Yan Kasuwar Briqueterie



Maganarmu a yau a kan kwana bakwai ce, tsakanin haihuwa da ranar suna. A wannan mako maigida yana neman rago da goro, mata suna karɓar 'yan barka, mai jego tana ɗaki. A cikinsa ne kuma shawarar jarirai take bayyana. Kusan jarirai shida cikin goma da aka haifa bayan cikar wata tara suna yin ta, bakwaini kuwa kusan takwas cikin goma. Yawanci takan wuce ba tare da illa ba. Amma idan ta yi tsanani aka makara, takan taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi, har ta kai ga rasa rai.

Asalinta shi ne, jariri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa. Idan suka rushe sai su bar wani sinadari rawaya da likitoci ke kira bilirubin. Aikin hanta ne ta tace shi ya fita ta kashi, to amma hantar jariri ba ta gama ƙwari ba, sai ya taru ya rina ido da fata. Wannan daban take da shawarar manya, saboda haka jiƙon rawaya da sauran saiwoyin da ake bai wa babba ba su da gurbi a bakin jinjiri.

A ƙa'ida takan fara a rana ta 2 ko ta 3, ta kai ƙololuwa tsakanin rana ta 3 zuwa ta 5, lokacin da galibi an riga an sallamo uwa. Ke nan ku ne masu gani da farko. Kowace safiya ku fito da jariri bakin ƙofa inda hasken rana yake, domin fitilar ɗaki tana ɓoye launi. Ku duba farin idonsa da dasashinsa. Ku danna goshinsa ko kan hancinsa da yatsa, ku ɗaga, ku ga launin wurin. Rawayar tana farawa daga fuska, ta gangara ƙirji, ciki da ƙafafu. Gwargwadon nisan da ta yi, gwargwadon yawanta.

Yanzu ga batun nono. Tun da ta kashi sinadarin nan yake fita, jaririn da ke tsotso sosai ya fi saurin rabuwa da shi. Ki sa shi a nono cikin sa'a ta farko bayan haihuwa. Dakashi, nonon farko mai kauri da wasu gidaje ke matsewa su zubar, shi ne yake tura baƙin kashin farko waje, kuma yana ɗauke da kariya daga cututtuka. Ki shayar sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Idan barci ya ɗauke shi sama da sa'a uku, ki tashe shi. Alamar yana ƙoshi ita ce, zuwa rana ta 5 kashinsa ya koma rawaya kuma yana fitsari kamar sau shida a rana. Ruwa, ko da na sukari ne, ba ya wanke shawara; cika ɗan cikinsa yake yi ya rage tsotso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, sannan a ci gaba tare da abinci zuwa shekara biyu. Akwai jariran da rawayarsu kan ɗan jima alhali suna ƙoshi suna ƙiba. Wannan ba dalilin yaye ba ne, kuma ba nonon uwa ne ya lalace ba. A gwada jini, a ci gaba da shayarwa.

Kada a jira suna, kada a jira maigida ya dawo daga Garwa ko Mubi, a tafi asibiti nan take idan:

• rawaya ta bayyana cikin sa'a 24 na farko;
• ta kai tafin hannu ko tafin ƙafa;
• jariri ya ƙi kama nono, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa ya yi wuya;
• yana kuka mai tsini, yana banƙarewa, yana zazzaɓi ko jijjiga;
• kashinsa ya yi fari kamar alli, fitsarinsa ya yi duhu;
• rawayar ta wuce kwana 14, ko 21 ga bakwaini.

Asibiti bai yi muku nisa ba. Hôpital Central yana nan Messa, cibiyar uwa da yaro ta Fondation Chantal Biya tana kusa da shi, akwai kuma asibitin mata da yara a Ngousso. Ku ce wa ma'aikata "jaunisse" ko "ictère", za su gane. Maganin da aka saba shi ne a kwantar da jariri ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, a rufe masa ido. Hasken yana sauya sinadarin ya fita cikin sauƙi. Tun 1958 aka fara wannan hanya a Ingila. Shanya jariri a rana ba ta maye gurbinta, sai dai ta ƙona fatarsa, ta ƙarar da ruwan jikinsa.

'Yan kasuwa, akwai magana taku ta musamman. Ƙwallayen kafur da ake sakawa a akwatin tufafi suna fasa jinin wasu jarirai, musamman maza, masu wani rauni na gado a jini da ake kira ƙarancin G6PD, wanda ya yawaita a ƙasashenmu. Haka ma lalle da man shafawa mai zafi. Duk wanda ya zo sayen kayan jariri a shagonki ko teburinka a Mokolo, a faɗa masa ya raba su da kafur, ya wanke zannuwan da suka jima a akwati kafin a naɗe jinjiri.

Mai ciki kuma ta nemi sanin rukunin jininta tun wajen awo. Idan Rhésus ɗinta négatif ne, akwai allurar da ake yi mata cikin sa'a 72 bayan haihuwa domin kare 'ya'yan da za su biyo baya. Idan an taɓa sa wani ɗanta a fitila, ta sanar da ungozoma.

Maigida, a cikin kuɗin suna ka ware na mota da na gwajin jini, ka kuma bar izini a gida kafin ka hau jirgin ƙasa zuwa arewa. Kaka, maganarki ce ake ji a ɗakin jego. Idan kika ce a tafi asibiti, babu mai musu.

Allah ya raya mana su, ya ba masu jego lafiya.