Babban Baƙi da Tsarin Layi wajen Rubuta Waƙoƙin Baka na Zamfara



Ajamin da malamanmu na da suka rubuta waƙoƙinsu da shi bai san babban baƙi ba. Amsa-amo ke nuna inda baiti ya ƙare. Da boko babban baƙi ya shigo, tun daga ƙa'idojin Hanns Vischer na 1912, aka yi ta gyara har tarukan Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Sai dai hankalin masu gyaran ya fi karkata ga baƙaƙe da rabon kalmomi. Tsarin waƙa a takarda kuwa, aka bi al'adar littattafan Turawa, kowane layi a buɗe shi da babban baƙi.

Rubutacciyar waƙa tana iya ɗaukar wannan, domin ɗangonta a aune yake. Waƙar baka ce ke cutuwa. Makaɗin fada irin Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, ko Musa Ɗanƙwairo Maradun, inda numfashi da kiɗa suka tsaya nan layinsa ke tsayawa, sau da yawa magana ba ta ƙare ba. In aka sa babban baƙi a kan kowane layi, mai karatu zai ɗauka sabuwar jimla ce. Abin da ya fi damuna shi ne kirari. Makaɗi yakan kira ubangidansa Giwa ko Zaki, can gaba kuma ya ambaci giwar daji. Babban baƙi kaɗai zai raba su a takarda, to in mun ɓarnatar da shi a farkon kowane layi, da me za mu raba? Shawarata a ajiye shi ga farkon jimla, da sunaye, da sarautu irin 'Yandoton Tsafe, da kirarin da ya maye gurbin suna.

Batun jagora da 'yan amshi an riga an share mana hanya. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka da diwanan da ya tattara, yana ware gindin waƙa da ɗiyanta, ya kuma nuna a gefe wanda ke magana. A riƙe wannan.

Saura karin harshe. Ɗalibi ya ji makaɗi ya ce "shina" ko "hwaɗi", sai ya rubuta "yana" da "faɗi", wai yana bin daidaitacciyar Hausa. Wannan sauya wa mai waƙa baki ne. Ga kuma masu watsa waƙoƙi a Facebook da WhatsApp, suna zubar da lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ, alhali wayoyin yanzu suna da su.

Ina roƙon malaman Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejojin jiharmu su zauna su fitar da tsari ɗaya, a ɗora duk kundin ɗalibi a kansa.